Na sa sola ta hanyar murabahar 'yan kasuwar Samaru, ga abin da na gani

Akwai wata ƙungiyar taimakon juna ta 'yan kasuwa Musulmi a nan Samaru ta Zariya da ke sayo wa mambobinta kayan sana'a, ta sayar musu bashi, su riƙa biya wata-wata ba tare da kuɗin ruwa ba. Irin wannan ciniki, inda mai sayarwa ke faɗin nawa ya sayo da nawa ya ɗora, shi ake kira murabaha. Ta hannunsu na sa sola a shagona, kuma na gama biya. Tun daga nan mutane ke tare ni da tambaya, wasu a ƙofar masallaci, wasu ta WhatsApp: da gaske babu ruwa a ciki, ko dai wayo ne irin na banki? Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, don zan faɗi abin da ya yi mini daɗi in kuma faɗi wanda ya sosa mini rai, alhali mutanen nan maƙwabtana ne, sahu ɗaya muke tsayawa. Amsata ita ce ciniki ne na gaskiya, na shaida shi da idona. Sai dai ba shi da arha, ba shi da sauri, kuma akwai gyare-gyaren da shugabannin suka daɗe suna jan ƙafa a kansu.

Sana'ata buga takardu da fotokwafi, kusa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Duk wanda ke wannan layin ya san rayuwarmu a hannun abu biyu take: ɗalibai da wuta. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, ya koya mana tsoron bashi, domin da yawa daga cikinmu sai da suka sayar da firinta kafin su biya hayar shago. Muna farfaɗowa sai aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Kafin ƙarshen 2024 litar fetur ta haura naira dubu a gidajen mai da yawa, janareta ya koma abokin tarayya a cinikina, kullum sai ya ɗebi kasonsa kafin iyalina su ga nasu. Sola ce mafita, amma miliyan ɗaya da rabi a dunƙule ba abu ne da mai fotokwafi ke ajiyewa ba.

Hanyoyin samun kuɗin a buɗe suke. Bankin 'yan kasuwa zai ba ka idan kana da jingina, manhajojin bashi na waya kuwa har roƙonka suke yi da saƙo. Abin da ya tsayar da ni shi ne hadisin Jabir da ke Sahihu Muslim: Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai cin riba, wato kuɗin ruwa, da mai bayar da ita, da mai rubutawa, da shaidunta biyu, ya ce duk ɗaya suke. Mai karɓar bashi da ruwa yana cikin lissafin kenan, ba mai banki kaɗai ba. Ga kuma ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara, inda Allah Ya ce wanda bai bar abin da ya saura na riba ba ya san yana cikin yaƙi da Allah da ManzonSa.

Da na faɗi haka a majalisarmu, amsar da na fi samu ita ce: “Malam, ai zamanin ne ya zo. Annabi ya faɗa, babu wanda zai tsira.” Suna nufin hadisin Abu Huraira da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa wani zamani zai zo wa mutane da babu wanda zai saura face ya ci riba, wanda bai ci ba kuma ƙurarta za ta same shi. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, wasu sun raunana shi saboda saɓanin ko Hasanul Basari ya ji daga Abu Huraira. Amma ko mun karɓe shi yadda yake, ni ban ga lasisin da suke cirowa daga cikinsa ba. Hadisin da kansa ya raba mutane biyu, mai ci da wanda ƙura ta taɓa. Wanda ya bi ta Kwangila a tsakiyar hunturu dole rigarsa ta yi fari, amma wannan bai zama dalilin ya ɗebi ƙasa ya zuba a bakinsa ba. Wanda ya fi ba ni tsoro ma shi ne na Bukhari, wanda babu ja a kan ingancinsa: wani zamani zai zo da mutum ba zai damu da inda ya samo dukiya ba, ta halal ce ko ta haram. Rashin damuwar nan ita aka zarga, kuma ita ce nake ji a cikin kalmar “zamanin ne”.

Shiga ƙungiyar ba wahala, haƙuri dai take so. Za ka sayi fom, ka kawo hotuna, mamba biyu su gabatar da kai, sannan ka yi wata shida kana zubi kafin ka cancanci a saya maka kaya. Sai kuma masu tsaya maka mutum biyu. Ba sa miƙa wa kowa tsabar kuɗi don sana'a. Kai za ka je kasuwa ka zaɓi abin da kake so, ka karɓo takardar farashi, ka kawo wa kwamitin saye. Ni na zagaya Sabon Gari da PZ, na tsaya a kan inbata mai kVA 3.5, da batir biyu manya irin na ruwa, da farantan sola huɗu, da wayoyi da ƙarafan ɗaurawa.

Daga nan sai jira, kuma jiran ya ci mini tuwo a ƙwarya. Kuɗin ƙungiya zubin mambobi ne, idan asusu ya yi ƙasa sai a bi layi. Ina cikin layin aka yi duhun nan na ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama suka kwashe kwanaki babu lantarki. Kowa ya ruga wajen masu sola, farashi ya motsa, takardar da na kawo ta tashi aiki, sai da na koma na karɓo sabuwa. Ba laifinsu ba ne wuta ta ɗauke, amma da sun gaya mini tun farko mutum nawa ke gabana, da na san yadda zan tsara kaina. Duk lokacin da na tambayi sakatare sai ya ce “in sha Allahu kwanan nan”, alhali lissafin yana cikin littafinsa.

Ranar da layi ya zo kaina, ma'aji da mutum ɗaya daga kwamitin saye suka tafi Sabon Gari da kuɗin ƙungiya. Ban bi su ba, kuma ba su nemi in ba da ko sisi ba. Rasit da sunan ƙungiya aka rubuta shi. Suka loda kayan a Keke Napep, suka kai wani ɗan sito da suke haya a bayan kasuwar Samaru, kayan suka kwana a can. Washegari bayan la'asar aka kira ni. Muna buɗe kwalaye sai warin ruwan batir ya bugi hanci. Gindin kwali ɗaya ya jiƙe sharkaf. Ma'aji ya tsuguna, ya naɗe hannun riga, ya karkata batir ɗin a hankali, sai ga tsaga a kusurwar ƙasa, tsawon ɗan yatsa, ruwa na tsattsafowa yana cin simintin ɗakin. Kowa ya yi shiru. Ni dai na tsaya ina jiran in ji an ce a raba asara. Shugaban ƙungiyar, dattijo ne mai sayar da kayan gini, ya dube ni ya ce: “Malam, kwantar da hankalinka. Ba mu sayar maka ba tukuna. Kayanmu ne, a hannunmu ya fashe.”

Dilan ya ƙi karɓa, ya ce lafiya lau ya bar shagonsa, hanya ce ta fasa shi, kuma da alama gaskiya ya faɗa. Ƙungiya ta sayo wani, fasasshen ta sayar wa masu sayen tsohon batir don dalma. Ko kwabo ba su ƙara a kaina ba. Da sabon ya iso, muka zauna a kan benci a ƙofar siton, shugaba ya ɗora hannu a kan inbata ya ce: “Mun sayi kayan nan naira miliyan 1 da dubu 500. Mun ɗora dubu 270. Mun sayar maka miliyan 1 da dubu 770, ka biya cikin wata 12.” Na ce, “Na saya, Alhaji.” Aka rubuta, shaidu biyu suka sa hannu, kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni a kan bashi. Kowane wata dubu 147 da ɗari 5, kusan abin da janareta ke sha.

Batir ɗin nan da ya fashe ya kusa cinye duk ribar da suka ɗora. Saboda shi nake iya kallon mutum ido cikin ido in ce masa ciniki ne. Mai ba da bashi da ruwa ba ruwansa da kaya, ya fashe ko ya ƙone, kuɗinsa da ƙarinsa yake jira. Mai ciniki kuwa yana cin ribar cinikinsa ne saboda akwai lokacin da kayan ke wuyansa, idan suka lalace shi ya yi asara. Ƙa'idar tana cikin hadisin Nana A'isha da ma'abota littattafan hadisi na Sunan suka kawo, cewa amfanin abu yana tare da ɗaukar lamuninsa. Haka kuma Annabi (SAW) ya ce wa Hakimu bin Hizam kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa. Kwanan da kayan suka yi a siton nan, wanda a lokacin na ɗauka ɓata lokaci ne wasu ke yi, shi ne ginshiƙin halaccin cinikin gaba ɗaya.

Yayana bai gamsu ba. Shi almajirin zaure ne a cikin birnin Zazzau, ya daɗe a kan littattafan Malikiyya. Ya ce mini a Muwaɗɗa akwai labarin mutumin da ya ce wa wani ya sayo masa raƙumi da kuɗi hannu, shi kuma zai saye shi daga wurinsa zuwa wani lokaci. Aka tambayi Abdullahi ɗan Umar, ya ƙi abin, ya hana. Ya ce, “To mene ne bambancin wannan da abin da kuka yi?” Na ce, “Yaya, mu je ka tambaya da bakinka.” Muka sami malamin da ƙungiya ke komawa gare shi. Yaya ya ce, “Allah gafarta Malam, ina ganin wannan ƙofar dabara ce.” Malam bai musa ruwayar ba. Ya ce malaman Malikiyya sun tsananta a nan ne don toshe hanyar da masu kuɗi ke bi su ba da goma su karɓi sha biyu, kaya na tsakiya kamar shaida kawai. Ya ce Imamu Shafi'i ya halatta irin wannan cinikin idan mai neman kayan yana da zaɓin saye ko fasawa bayan an sayo, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta murabaha ga wanda ya nemi a sayo masa, da sharaɗin kayan su shiga mallakar mai sayarwa, ya karɓe su, asararsu ta zama tasa kafin ya miƙa. Ya ce shi ya sa ƙungiya ba ta ɗaure kowa da sa hannu kafin kaya su iso. Da na fasa ranar nan, sai su nemi wani mai saye. Yaya ya ce ya ji, amma shi a kansa zai ci gaba da tara kuɗinsa ya saya hannu da hannu. Ina girmama wannan matsayin, kuma duk wanda zai iya, shi ya fi kwanciyar rai.

Maganar tsada kuwa ba zan rufe ta ba. Kashi 18 cikin ɗari suka ɗora, kuma a baki yana da sauƙin ji. Amma tunda kowane wata kana rage bashin, ba shekara cur kuɗinsu ke yi a hannunka ba. Wanda ya iya lissafi idan ya auna da yadda banki ke aunawa zai ga abin ya haura kashi 30 a shekara. A lokacin Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, bankuna kuma suna ɗorawa a kan wannan. Ke nan a aljihu ban samu wani rangwame na a zo a gani ba. Na faɗi haka a taro, ma'aji ya ba ni amsar da ban iya turewa ba: hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, kuɗin da suke juyawa kuma na mai shayi ne da mai faci da mai sayar da kati. Idan suka ɗora ƙasa da haka, zubin talakawa ne zai narke don ni in ji daɗi. Na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda wasu 'yan kwamiti ke tallata abin da cewa “ya fi banki sauƙi”. Ba don sauƙi muka zo ba, kuma faɗin abin da ba haka ba yana zubar da mutuncin aikin.

Inda bambancin ya fito fili a aljihuna shi ne watan da na gaza. An yi hutun ƙarshen zango, ɗalibai suka watse, Samaru ta yi tsit, ga rashin lafiya a gida. Na sami ma'aji na gaya masa ba zan iya cika na wannan watan ba. Ya ce in kawo abin da ya sawwaƙa, sauran a tura gaba. Bashina bai ƙaru da ko naira ɗaya ba: miliyan 1 da dubu 770 aka ce, ita na biya. Ribar Jahiliyya da Alƙur'ani ya sauka a kanta siffarta ke nan, lokaci ya cika a ce wa mutum ko ka biya ko a ƙara. Ita Annabi (SAW) ya soke a huɗubar bankwana, ya fara da ta baffansa Abbas. Allah kuma Ya ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa zuwa lokacin da zai samu. Na ga an yi aiki da wannan ayar a kaina, kuma ba zan manta ba.

A cikin wannan watan ne kuma aka ɓata mini rai. Ma'aji bai sanar da sakatare maganarmu ba, shi kuma da ya ga gurbi a littafi, maimakon ya kira ni, sai ya kira masu tsaya mini. Ɗayansu surukina ne. Da daddare sai ga waya: “Lafiya dai ko? An ce ba ka biya ba.” Duk wanda ya san kunyar da ke tsakanin Bahaushe da surukinsa ya san nauyin wannan tambayar. Abin da muke zargin manhajojin bashi da shi ke nan, tona asirin mutum ga danginsa, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara rufe wasunsu a 2022. Ba na kwatanta su da waɗancan, niyya ba ɗaya ba ce, kuma shugaba ya zo har shago ya ba ni haƙuri. Amma tushen matsalar yana nan: komai a littafin hannu yake, ma'aji na da nasa, sakatare na da nasa, ba sa haɗuwa sai ƙarshen wata. Ka tura kuɗi, sai ka bi da hoton alat, wani lokaci ka sake turawa. Ƙungiyar da ke riƙe da miliyoyin mutane ta wuce wannan matakin.

Kowane taron wata ana buɗe shi da nasiha, kuma a shekarar da nake biya malam ya ɗauko alamomin tashin ƙiyama yana bi ɗaya bayan ɗaya. Na ƙaru sosai. Ya kawo ruwayoyin Musnadu Ahmad a kan yaɗuwar kasuwanci da kusantar kasuwanni, ya kawo hadisin Bukhari da Muslim cewa kogin Furat zai yaye wani tarin zinare, aka ce wanda ya halarta kada ya ɗauki komai. Ya ce mu lura, yawancin alamomin da suka shafi dukiya gargaɗi ne a kan kwaɗayi, ba labarin ban mamaki ba. Wata rana wani matashi mai gyaran waya ya miƙe, ya ce ya ga bidiyo da yawa da ke bayyana cewa kuɗin takarda makamin Dujal ne, tun da Amurka ta raba dala da zinare a 1971 duniya ta shiga hannunsa, don haka ƙungiya ta daina ajiye naira ta koma dinari. Malam ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce batun 1971 gaskiya ne, shugaba Nixon ne ya yi, kuma gaskiya ne kuɗin da ake bugawa ba iyaka talaka yake fara ci. Amma ɗaukar wani lamari na gaibu a ɗora shi a kan wata ƙasa ko wata shekara yana buƙatar dalili, kuma wanda aka tambaya game da lokacin tashin ƙiyama, a hadisin Jibrilu, ya ce bai fi mai tambaya sani ba. Ya ƙara da cewa Majalisar Fiƙihun nan, a Amman a 1986, ta tsaya a kan cewa kuɗin takarda kuɗi ne, hukuncin zinare da azurfa na hawa kansa, akwai zakka a cikinsa kuma riba na shiga cikinsa. Amsar ta burge ni, don bai wulaƙanta yaron ba, bai kuma bar shi a kan zato ba.

Duk da haka ina ganin an ba wa alamomi lokaci fiye da babin ciniki. A cikinmu akwai wanda zai jero maka manyan alamomi goma ba tare da numfashi ba, daga Dujal zuwa fitowar rana daga yamma, amma lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 shi ne ke ba da dubu goma tsaba a tura masa dubu sha biyu, yana kiran abin kasuwa. Akwai masu bai wa manoman Giwa da Shika bashin buhu ɗaya da damina su karɓi biyu da kaka. Matanmu na kai tsohon zinare a ba su sabo su cika kuɗi, ba tare da an raba cinikin biyu ba, alhali hadisin Ubadatu bin Samit a Muslim ya ambaci zinare da azurfa da alkama da sha'ir da dabino da gishiri, ya ce idan jinsi ɗaya ne sai daidai da daidai, hannu da hannu. Tirmizi ya ruwaito Sayyidina Umar yana cewa kada wanda bai fahimci addini ba ya yi ciniki a kasuwarmu. Mutumin da ya ji wa'azin ƙarshen zamani ya tsorata, sannan ya koma shago bai san wace mu'amala ce haram ba, tsoron bai amfane shi da komai ba. Da ni ne mai tsara nasihar, wata ɗaya alamomi, wata uku hukuncin saye da sayarwa.

Ƙurar ma ba su kuɓuta daga gare ta ba, kuma ba su ce sun kuɓuta ba. Dilan da ya shigo da batir daga waje mai yiwuwa da bashin banki ya shigo da shi, ruwan kuma yana cikin farashin da muka biya. Wannan ba mu da iko a kansa. Wanda muke da iko a kansa shi ne inda asusun ƙungiya yake. Har yanzu a bankin ruwa yake, a irin asusun da ba a biyan ruwa a kansa, wai don ya fi kusa kuma mambobi sun saba da lambar. Wannan uzurin ya tsufa. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz ya fara aiki tun Janairun 2012, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin tarayya kanta ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Ƙungiyar da aka kafa don guje wa ruwa bai dace kuɗinta su kwana a inda ake juya su da ruwa ba alhali ga wata ƙofa a buɗe. Na kawo maganar a taro, an ce kwamiti zai duba.

Sauran abubuwan da mai niyyar shiga ya kamata ya sani: wannan ba banki ba ne, inshorar NDIC, hukumar da ke kare ajiyar mutane a bankuna, ba ta rufe zubinka, amanar shugabanni da binciken ƙarshen shekara su ne kariyarka. Idan mamba ya rasu da bashi, daga gadonsa za a cire, in bai isa ba a koma kan masu tsaya masa, don ba su da tsarin takaful, wato inshorar Musulunci. Suna da bashin ƙarzul hasan, ka karɓi dubu hamsin ka mayar da dubu hamsin, amma na asibiti ne da haihuwa da kuɗin makaranta, kuma asusunsa ƙarami ne. Mata kuwa an bar su a baya. Taro a farfajiyar masallaci ake yi bayan la'asar, babu wurin zamansu, sai dai su aiko ta hannun miji ko ƙane. Maiɗakina tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, tana son firiza, kuma ita ta fi ni iya riƙe lissafi, amma sai ta bakina ake jin buƙatarta. Mata masu sana'a a gidajen Samaru da Hayin Dogo da Zango ba kaɗan ba ne, kuma su manhajojin bashi suka fi farauta.

Solar kanta tana aiki. Tana ɗaukar kwamfuta biyu da firintoci da fanka da fitilu tun safe har bayan isha'i. Babban injin fotokwafi ne sai rana ta take nake kunna shi a kanta, in hadari ya rufe kuma in koma janareta na ɗan lokaci. Kuɗin mai haɗawa ni na biya daga aljihuna, ba ya cikin cinikin, don haka a tanade shi daban.

Wanda ke son kayan sana'a da ake gani a taɓa, keken ɗinki ko injin niƙa ko firiza ko babur, kuma zai iya jira, ina ba shi shawarar ya shiga, ya kuma nemi a gaya masa matsayinsa a layi tun ranar farko, ya roƙi a rubuta cewa shi za a fara kira kafin masu tsaya masa. Wanda kuma tsabar kuɗi yake nema, yana shirin a sayo masa kaya ya mayar wa dilan a rage masa, kada ya wahalar da kansa. Wannan dabarar 'yar uwar cinikin da malamai ke kira “ina” ce, wato a sayar maka da kaya bashi a sake saye a hannunka da kuɗi ƙasa da haka, wanda hadisin Ibnu Umar a Abu Dawuda ya yi gargaɗi a kansa, kuma kwamitin saye na zuwa shago bayan wata ɗaya ya ga kayan a inda aka ce za a sa su. Nawa shagon ma sun zo, ma'aji har ya taka tsani ya leƙa rufin ya ƙirga farantan.